Mai Caji a Rigasa

Rumfata taku huɗu ce daga bakin kwalbati,
kan layin da ya gangara tashar jirgin ƙasa.
Allon katako ɗaya, soket sittin da biyu,
da ɗan janareto mai tarin tsufa.
In an ɗauke wuta, kowa ya san sunana.

Kowace waya sai na manna mata lamba da salatif,
in yaga kati, in ba mai ita rabi.
Naira ɗari biyu. Ka dawo bayan la'asar.
Amma ina, ba sa tafiya.
Sai su jeru kan benci, hannuwa a cinya,
kamar masu jinya a ƙofar ɗakin tiyata.

A nan na ga abin da yatsa ke yi
in an raba shi da gilashi.
Babban yatsan Yohanna mai keke
yana shafar gwiwarsa, sama, sama,
yana neman labari a jikin wando.
Wata 'yar Poli ta tambaye ni sau uku:
"Kashi nawa ta kai?"
Na ce goma sha ɗaya. Ta ja tsaki
kamar ni na rage mata kwana.

Wata rana da jira ya yi tsawo
maƙwabta biyu suka gano
ashe shekara guda suna zagin juna kan ƙwallo,
kowa da sunan aro.
Aka yi tsit.
Can ɗayan ya ce, "Au, kai ne Damisan Kawo?"
Ɗayan ya tashi ya sayo rake, suka karya biyu,
har suka kai ga tambayar iyali.
Sai caji ya cika.
Kowa ya karɓi tasa, ya sunkuyar da kai, ya wuce,
ɓawon raken ni na share.

Baba Tanimu ranar Laraba yake zuwa.
Wayar ba tasa ba ce, ta Ladidi ce,
wadda muka raka makwancinta damina biyu da suka wuce.
Fuskar ta tsage, an ɗaure bayan da kyauro,
ko layi babu a ciki.
Saƙon murya ne guda, daƙiƙa tara,
da ta taɓa aika wa ɗansu:
"Ka ce wa babanku ya taho da kanwa,
kuma kada ya tsaya hira."
Ya kara a kunne, ya ji, ya sake, ya sake.
Ba na karɓar kuɗinsa.
Kullum sai mun yi gardama a kan haka.

To ni mai wannan dogon bayani fa?
Daren Talata ina cin tuwo da dama,
hagu na riƙe da waya,
ina kallon wani a wata ƙasa yana wanke darduma.
Nusaiba ta tsaya gabana tana murmushi.
Ta daɗe a tsaye.
Na ce, "Mene ne kuma? Je ki kwanta."
Sai da safe uwarta ta gaya mini:
haƙorinta na gaba ya fita tun Lahadi.
Kwana uku tana toshe baki a tsakar gida
wai kada ƙadangare ya ga giɓin,
ni kaɗai take buɗe wa.
Haƙorin na cikin kwalin ashana, yana jirana.

Yau da magariba na manna wa tawa lamba,
sittin da uku, ba ta da soket.
Na sa ta cikin kwanon silba, na rufe.
Rabin katin na hannun Nusaiba.
Ta ce naira ɗari biyu ne, kuma in dawo gobe.
Tana ta ba ni labarin wata akuya a makarantarsu,
iska na fita ta giɓin,
ina ji, wallahi ina ji,
amma yatsana na kan gwiwa,
sama, sama.